Iccen Ige Bai Sha Ruwa Ba

Mun tashi da asuba ranar Litinin, gabas ba ta gama yin ja ba, mu uku a cikin tsohuwar motar ofis: ni da abokiyar aikina da direba. Illela muka nufa. Ku 'yan uwana malamai da kuka saba jin labarin yawace-yawacena kun san aikina, amma bari in faɗa saboda wanda bai sani ba. Ni mai duba makarantun renon yara ce, irin waɗanda ake kai 'yan shekara uku zuwa biyar kafin su isa shiga firamare. Idan wani ya buɗe irin wannan makaranta ya nemi takardar izini, ni ake turawa in gani da idona, in cika fom, in rubuta a akwatin ƙarshe ko na yarda ko ban yarda ba. Shekarata takwas ina wannan aiki, kuma abin da nake taƙama da shi a ofis shi ne ban taɓa soke abin da na rubuta ba. Har tsokanata ake yi wai birona ba ya ja da baya.

Wadda ta nemi izinin wata Malama Kulu ce, tsohuwar malamar firamare. Ta tara yara ashirin da huɗu, 'ya'yan 'yan kasuwa da na ma'aikatan bakin iyaka, shekara biyu tana renonsu ba takarda. To yanzu umarni ya fito cewa duk wanda bai samu izini ba kafin azumi ya rufe, azumi kuwa saura 'yan makonni. Ke nan ko makarantar baiwar Allah nan ta ci gaba ko ta watse, yana ga abin da zan rubuta a wannan akwati.

Bazara ta kankama, shi ya sa muka yi sammako, mu ci tafiya kafin rana ta fara cin mu. Muna haye gada muka bar Sakkwato a baya, iska mai ɗan sanyi tana shigowa ta taga. Wannan sanyin na aro ne, kowa ya san kafin hantsi za a karɓe shi. Hanyar Kware ba laifi, sai dai ramuka nan da can, direbanmu kuwa ya san kowane rami kamar shi ya haƙa shi. Jiya Lahadi aka ci kasuwar Illela, saboda haka duk manyan motocin da muke haɗuwa da su kudu suka nufa, an labta musu buhunan albasa har sun karkace. Kowace ta wuce sai ta bar mana warinta a cikin mota. Abokiyar aikina ta ce da ta sani ta zo da mai da gishiri, da mun isa da miyarmu a haɗe.

A Gwadabawa muka tsaya karyawa. Wata dattijuwa tana tuya a bakin tasha, ƙosai biyar sule, alhali a Sakkwato uku ake ba mu, kuma nasu kowanne ya yi biyun namu. Na ci har na ji kunya, na kora da koko mai tsamiya. Direba ya zauna a bencin mai shayi yana jin labarai a rediyo, sai da muka aika masa sau biyu.

Daga Gwadabawa ƙasa ta fara buɗewa. Gonaki an share su tas, an jera tsibin taki ana jiran ruwa. Duk itatuwa sun kaɗe ganye sun tsaya tsirara, ban da wani irin itace da yake kore shar a tsakiyar gonaki, awaki sun taru a gindinsa. Abokiyar aikina ta tambaye ni sunansa. Ni da aka haifa a tsakiyar birni, mahaifina ma'aikacin gwamnati, kakana ma haka, itatuwan da na sani da kyau su ne mangwaro da dogonyaro. Na ce mata itace ne. Na hangi direba ta madubi yana danne dariya, amma ladabi ya hana shi gyara mini. Wajen Amarawa muka wuce makiyaya suna shayar da shanu a bakin rijiya, jaki yana jan guga, igiyar ta yi nisan da sai da na waiwaya in ga ƙarshenta.

Ƙarfe takwas saura muka shiga Illela. Gari ne da ya kwana da gajiyar kasuwa. Rumfuna wayam, ɓawon albasa yana yawo a kan hanya, raƙuma sun durƙusa suna tuƙa kamar ba su da wata damuwa a duniya. Ba a daɗe da sake buɗe iyaka ba, kuma ana ganin haka a fuskar mutane, kowa tafiyarsa da hanzari. 'Yan canji suna zaune a inuwa suna kiran "sefa, sefa", kuɗin ƙetare ke nan, masu ƙananan babura daga Ƙonni, garin da ke hayin iyaka, suna wucewa da dogon burodin nan nasu mai kama da sanda, an ɗaure shi a bayan sirdi. Na ƙudurta a raina ba zan bar garin nan ba sai na ci shi.

Malama Kulu da kanta ta tarbe mu a bakin hanya. Doguwa ce siririya, za ta kai shekara arba'in da 'yan kai, ta sha lulluɓi mai kyau amma hannunta na mai aiki ne. Ta gaishe mu har da rusunawa, ta shige gaba, ta kai mu wani ɗakin siminti mai rufin kwano a bayan kasuwa. An shafe shi da farar ƙasa, shafen bai ma gama bushewa ba.

Ina sa ƙafa hancina ya ba ni labari. Albasa. Ba irin wadda aka wuce da ita ba, irin wadda ta shekara a wuri ta shiga bango. Ga yara ashirin da huɗu a jere a kan benci, an yi musu wanka, an sa musu kayan sallah, 'yan mata an rambaɗa musu kwalli. Ƙafafunsu duk suna lilo a sama, ba mai taɓa ƙasa. Suka miƙe, ko in ce suka diro, suka gaishe mu da murya ɗaya, suka sake hawa da ƙyar. Taga ɗaya ce, ƙarama, can sama.

Ni kuwa tsohuwar hannu ce. Abu na farko da nake yi a kowace makaranta shi ne in duƙa in leƙa benci. Na farko yana da zoben gindin kofi birjik da ɗigon madara, na mai shayi ne. Na biyu akwai guntayen zare maƙale a tsagarsa, na tela ne. Na uku har da gashi, ban tambayi mai shi ba. Allon kuwa ƙyauren ƙofa ne aka shafa wa baƙin batir, na taɓa shi yatsana ya yi baƙi. A wajena aron benci ya fi rashin benci muni, domin mai rashi bai yi mini ƙarya ba.

Na ce a yi karatu in gani. Malama Kulu ta ɗauki alli, allin ya karye. Ta ce yara su ƙirga. Shiru. Ta nuna baƙi a kan allo, suka zuba wa ƙyauren ido kamar yau suka fara ganinsa, kuma ashe yau ɗin ne. Kwano ya fara ɗaukar zafi, gumi ya wanke kwallin 'yan matan ya gangaro kumatu. A ƙarshen benci kuma wata 'yar ƙarama, ba za ta wuce shekara huɗu ba, tana ta kuka ƙasa-ƙasa tun shigowarmu. An ba ta ruwa a moɗa ta riƙe da hannu biyu a kan cinyarta, leɓenta a bushe, amma ta ƙi sha.

Ban ɓata lokaci ba. Na ɗora fom a kan jakata na cika: ɗaki ba iska, kayan aji na aro, yara ba sakin jiki, ba alamar an koya musu komai, ɗaya ma kamar ba ta da lafiya. A akwatin ƙarshe na rubuta "Ban yarda ba", na sa hannu. Malama Kulu tana tsaye gabana, kuma duk wadda ta taɓa koyarwa ta iya karanta rubutu a juye. Ta gani. Ba ta roƙe ni ba. Ta dai gyara lulluɓinta ta ce, "To Hajiya, mun gode. Allah shi huce gajiya."

Da ni kaɗai ce da labarin ya ƙare a nan, da ƙarfe tara muna kan hanyar gida. Amma abokiyar aikina uwar 'ya'ya shida ce, ba ta iya wuce yaro yana kuka. Ta tsuguna gaban yarinyar.

"Ke ɗiyata, mi as sunanki?"

"Ige."

"To Ige, ga ruwa hannunki, ga ƙishirwa ta kama ki. Mi ah hana ki sha?"

"Ba nawa na ba."

"Na wa na?"

Yarinyar ta dubi malamarta, ta dube ni, sannan ta fashe da kuka sosai. "Na iccena na! Iccena bai sha ruwa ba yau!"

Sai ɗakin nan da ya yi shiru kamar an ɗauke ruwa ya kaure. "Nawa ma bai sha ba!" "Malama, nawa ma!" Wani ya riga ya diro daga benci ya nufi ƙofa. Na dubi Malama Kulu. Ta sunkuyar da kai.

"Hajiya, gaskiya ɗaya ta," in ji ta. "Wagga ba ita ta makarantarmu ba. Ɗakin albasar ƙanen maigidana na. An ce min in kunka zo ba ku ga kwano da benci ba, rufewa za ku yi. Shi as sa munka yi aro."

Na tambaye ta wa ya gaya mata haka. Ta ce ai kowa ya sani, akwai wata Hajiya a ofishin da ba ta duba komai sai benci. Abokiyar aikina ta juya baya tana tari. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don ba wata Hajiya mai zuwa duba makarantun reno a ofishinmu sai ni. Na ce mata tunda mun riga mun zo, ta kai mu inda ake karatun.

Ba nisa, tafiyar minti goma ce ta bayan gari, ta hanyar da ke fita zuwa Darna. Yaran suka jera bibbiyu ba wanda ya ce musu su jera, manya a waje ƙanana a ciki. Ige tana tsakiya da moɗarta, tana taka ƙasa a hankali kada ya zube. Ni ce a baya, da takalmina mai tsini yana nutsewa cikin rairayi.

Garka ce ta mahaifin Malama Kulu, an kewaye ta da shinge, akwai rijiya a gefe da wata tsamiya a tsakiya, irin wadda mutum uku ba za su zagaye gindinta da hannu ba. Muna shiga inuwarta na ji kamar an cire mini kaya daga ka. Tsohon yana nan zaune, ya riga ya cika rabin duro da ruwa tun safe yana jira, yana ta mita wai yau an bar itatuwa da ƙishirwa saboda baƙi. Kafin in farga yara sun tuɓe kayan sallah sun rataya a shinge, sun rage daga su sai 'yan riguna na ciki. Kowa ya je ya ciro gwangwanin madararsa daga inda yake rataye, ya ɗebo ruwa a duron.

A jikin shinge akwai jerin 'yan dashe, kowanne an zagaye shi da ƙaya saboda awaki. Ashirin da huɗu na ƙirga. Ka'idar makarantar ke nan: ranar da aka kawo yaro, ranar ake ba shi dashensa, kuma kowace safiya kafin a yi komai sai kowa ya shayar da nasa. A gindin kowane dashe akwai ɗan faifan yumɓu da yaron ya mulmula da hannunsa, an zana baƙin farko na sunansa a kai, na boko a gefe ɗaya na ajami a ɗaya gefen. Da haka suke fara sanin baƙi, domin wanda bai gane nasa ba zai shayar da na wani.

Na Ige shi ne mafi ƙanƙanta, bai kai tsawon hannu ba, ganyensa ya ɗan langaɓe. Malama Kulu ta raɗa mini cewa wannan na biyu ne, akuya ta cinye na farko, yarinyar ta kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Tun daga ranar ta ɗora wa kanta doka, ba ta shan ruwa a makaranta sai ya sha. Ba wanda ya sa ta. Na tsaya ina kallo ta durƙusa ta juye ɗan abin da ya rage a moɗar, ta je ta cika gwangwani ta ƙara masa, ta jira ƙasa ta shanye. Sannan ta tafi randa ta ɗebo ta kafa kai. Sai da na ji ƙwalla ta taho mini, na yi kamar gumi nake sharewa.

Daga nan karatu ya fara, in dai za a kira shi karatu, don ba wanda ya ce a yi shiru. Malama Kulu ta zazzage kwandon ƙwallayen aduwa a ƙasa. Yaron da ɗazu ya kasa cewa ɗaya ya ƙirga talatin ba gargada, ya raba su kashi uku, ya ce kowa goma-goma. Wasu suka share rairayi da tafin hannu suna rubuta baƙi da tsinke, wanda ya yi kuskure ya shafe ya sake, ba kuka ba asarar takarda. Wasu uku suka ja ni da hannu wai in zo in ga waɗanda suka zo makaranta kafin su. Sawu ne a kan rairayi. Wannan na kurciya ne, wannan na ƙadangare ne ga jan wutsiyarsa a tsakiya, wannan na bushiya ne, ta sha ruwa a gindin duro ta koma ta ƙarƙashin shinge. Na duƙa na duba, ni dai ƙasa kawai nake gani, sai da suka nuna mini da yatsa.

Ban manta aikina ba, kada ku ce an saye ni da inuwa. Na tambayi maganar kunama da maciji. Malama Kulu ta kira wata yarinya ta ce ta ɗauko mata wancan dutsen. Yarinyar ta nemo sanda ta fara juya shi, ta leƙa, sannan ta sa hannu. Na nuna tumfafiya a bayan shinge, suka haɗa baki cewa ba a tsinka ta, nononta yana ɓata ido. Na je rijiya, na tarar an yi mata baki har ƙugu da murfin katako, kuma akwai wani layin duwatsu da ba yaron da ke tsallakewa. Randa a rufe take. Bayi na zana ne, mai tsabta, amma ramin ba murfi, na rubuta wannan a littafina. Na ce to ranar ruwa ko guguwa fa? Ta kai ni zauren mahaifinta da ke manne da garkar. Zaure ne na ƙasa, mai faɗi da sanyi, tabarmi a naɗe a kusurwa, rajista a rataye a cikin jakar fata, sunan kowane yaro da ranar da ya zo da ranar da bai zo ba. Taga ɗaya gare shi. Na tambaye ta me ya hana ta kawo mu nan tun farko. Ta ce ta ji kunyar nuna wa mutanen birni ginin ƙasa.

Ina dawowa daga zauren na bi ta gefen shinge don in gajarta, sai na ji zanena ya yi nauyi. Ƙarangiya ce ta kama leshina tun daga gwiwa har ƙasa. Yara biyar suka zagaye ni suna cirewa, suna yi mini faɗa. Ɗaya ta ce, "Inna, ba a bi nan! Ba ki gani ba ko tumaki ba su bi?" Na ce na tuba. Tunda girma ya riga ya zube, na nuna wani itace kore a gonar da ke bayan garkar, irin wanda muka gani a hanya, na ce wa zai gaya mini sunansa. Suka dube ni da tausayi. Gawo ne. Da rani yake ganye, da damina ya kaɗe don gero ya samu rana a gindinsa. Ɗan shekara huɗu ne ya yi mini wannan bayani, yana yi yana jan wandonsa da ke zamewa.

Agogonsu ma a ƙasa yake. Akwai wani farin dutse a gindin tsamiyar, idan inuwa ta janye ta bar shi a rana an tashi. Na duba nawa agogon, sha ɗaya saura kwata. Suka wanke hannu, suka rataye gwangwanaye, aka mayar musu da kayan sallah a baibai da daidai. Muna shirin fita sai tsohon ya ce wa 'yarsa ai ba a ba baƙuwa nata ba. Akwai 'yan dashen dogonyaro da ake reno a gwangwanaye a gindin rijiya saboda sababbin yara. Malama Kulu ta so ta hana, don ta san abin da na rubuta, amma Ige ta riga ta ɗauko ɗaya ta miƙo mini.

"Dut wanda yaz zo makarantagga ana ba shi icce," in ji ta. "Ki ba shi ruwa da sahe. Kar ki mance."

Shekara takwas ban taɓa karɓar ko goro daga makarantar da na je dubawa ba. Wannan kam na sa hannu biyu na karɓa. Na gaya wa Malama Kulu cewa ba ni da ta cewa tukuna, magana ta ƙarshe tana wajen shugabanmu, kada ta sa rai kada kuma ta fid da rai. Na ce abu ɗaya dai, ta mayar wa mai shayi bencinsa kafin mutane su gaji da shan shayi a tsaye.

A tasha muka ci abinci. Fura muka sha a wajen wata Bafulatana, dama biyu, nonon mai kauri har cokali yana tsayawa, sannan direba ya samo mana tsire mai zafi da burodin Ƙonnin da na ƙwallafa rai a kai. Ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorina, cikinsa kuwa laushi kamar auduga. Muka je har bakin iyaka muka tsaya, muka kalli sandar da ake ɗagawa da saukewa, mata da ƙullin atamfa a ka, jakuna da gishiri, kowa yana gaisawa da kowa da suna. Ba mu haye ba. Duk wannan yawo hankalina yana kan jakata. Fom ɗaya ake ba mu ga kowace makaranta, da lambarsa, ba dama in yaga in ce ya ɓace. Ko in kai shi yadda yake, ko in soke.

A kan murfin mota na shimfiɗa shi, ƙarfen yana ƙona mini gwiwar hannu. Na ja layi ɗaya a kan "Ban yarda ba", yadda kowa zai iya karanta abin da ke ƙasa, na rubuta "Na yarda" a gefe, na sake sa hannu. Abokiyar aikina ta ce wa direba ya shaida, yau biro ya ja da baya a garin Illela. Na ce ta ci gaba, akwai ranar da ita ma za ta shiga ƙarangiya.

Komawa ta fi zuwa wuya. Rana ta take, kujerar mota kamar tanda, ga buhun albasa da direba ya saya wa iyalinsa a but ɗin motar. Gwangwanin yana kan cinyata tun daga Illela, na yi masa inuwa da gefen mayafina. A Gwadabawa muka tsaya sallar azahar, na ɗiga masa sauran ruwan butata. Kafin la'asar muka haye gada, muka shiga Sakkwato lafiya, kowa aka sauke shi a ƙofar gidansa.

Washegari na shiga ofishin shugabanmu na ajiye masa fom, na ajiye gwangwanin kusa da shi, na ce ga takarda ga kuma abin da aka ba ni, don kada ya ji a bakin wani. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Hajiya, ke kis soke wanga da hannunki?"

Na ce ni ce. Na ba shi labari tun daga ɗakin albasa har gindin tsamiya, ban rage komai ba, har maganar Hajiyar da ba ta duba komai sai benci. A nan ne ya yi dariya har da buga tebur. Amma bai sa hannu ba, ya ce in bar masa takardar. Kwana biyu tana wajensa, kwana biyun nan ko abinci ban ji daɗinsa ba. Ranar Alhamis ya kira ni. Ya ba da izinin shekara ɗaya, bisa sharaɗin a huda wa zauren taga ta biyu, a yi wa bayi murfi, ni kuma in koma bayan damina in gani. Gwangwanin kuwa ya ce in ɗauke abina, ba ya son alhakin icce ya hau kansa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗin faɗa ba ne, amma zan faɗa. Ba Malama Kulu ce ta cusa yara ashirin da huɗu a ɗakin albasa da zafin bazara ba, tsorona ne ya cusa su. Shekara takwas ina leƙa ƙarƙashin benci, ban taɓa tsugunawa na tambayi yaro me ya sa yake kuka ba. Ban ce kowa ya rushe ajinsa ya koma gindin bishiya ba, ba kowa ke da tsamiya da rijiya da tsoho mai jan guga ba. Amma ku da kuke da 'yan ƙanana a hannunku, ku riƙa fitar da su su taɓa ƙasa, ku ba kowane ɗaya wani abu mai rai da zai kula da shi. Ni dai na dawo raina fes, kuma rabon da in ji daɗin aikina haka har na manta.

Dashen na dasa shi a tsakar gida kusa da madafa, na zagaye shi da ƙaya duk da ba mu da akuya. Takardar izinin kuwa wani direban motar albasa na ba ya kai Illela. Shekaranjiya ya dawo ya biyo ta gidana da saƙo. Ya ce Malama tana godiya, benci duk sun koma wajen masu su, an ma fara huda tagar. Har ya juya zai tafi sai ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce akwai wata 'yar yarinya da ta riƙe masa riga ta ce lallai ya tambayo mata, iccen Hajiya ya sha ruwa?

Na kai shi tsakar gida na nuna masa gindin, ƙasar da sauran danshi tun na safe. Na ce idan ya koma ya gaya wa Ige ya sha, kuma shi ya riga ni.